Shanun Da Suka Mutu Sau Biyu

Shafi na 19

Masu cewa jiya na bar ku a bakin rami na yi tafiyata, ku yi haƙuri, hannuna ne ya ƙi riƙe waya don gajiya. Wanda bai karya ba tukuna ya fara karyawa, don farkon shafin nan akwai wari.

*

Zuwana na biyar ke nan ofishin tallafi, har mai gadin ƙofa ya daina tambayata wurin wa na zo.

Na ajiye ledar a kan taga. Malamin taga ya ja da baya da kujerarsa, ya toshe hanci da hannun riga.

"Mene ne wannan kuma?"

"Abin da kuka ce a kawo."

"Lambobin kunnen ne?"

"Guda tara. Sau uku na wanke su da sabulu, iyakar fitar da warin zai yi ke nan."

Ban ga laifinsa ba. Mako uku ke nan da ambaliya ta ci mana shanu tara. Ran da ruwa ya janye Baba ya sa katafila ta haƙa rami aka binne su, don kada cuta ta kama biyar ɗin da suka rage. Babu wanda ya tuna da 'yar robar nan mai lamba da ke maƙale a kunnen kowace saniya. Sai da na zo nan aka ce min gwamnati ba ta san saniya ba, lamba ta sani. Shi ya sa jiya muka tone ramin, ni da Baba, wuƙa a hannu, ƙyalle a hanci. Abin da na gani a ciki na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba.

Malamin ya jawo lamba ɗaya da bakin biro, ya fara danna kwamfuta da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Ni dai na jingina da bango. Abincin shanun da ya rage mana bai wuce na kwana huɗu ba, ruwa ya ruɓar da sauran. In tallafin nan bai fito ba, biyar ɗin ma sai kasuwa, garken Baba ya ƙare ke nan.

Ya danna ta farko, ya tsaya. Ya danna ta biyu, ya gyara zama. A ta huɗu ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya sa hannu a fom ɗin nan?"

"Ni ce. Baba ba ya karatu, ni nake wakiltarsa."

"Baiwar Allah, lambobin nan an riga an biya su."

"Ban gane ba."

"Shekara bakwai da suka wuce, lokacin farin nan. An rubuta shanun sun mutu, an kuma biya tallafinsu."

Na yi dariya, irin wadda mutum yake yi in ƙarfinsa ya ƙare.

"Malam, jiya da hannuna na yanko su daga kunnuwansu. Ka ji warin ai. Warin shekara bakwai ne wannan?"

Sai ya juyo min da fuskar kwamfutar. Ga sunan Baba. Ga hoton dangwalen yatsarsa. Ga lambobi goma sha huɗu a jere, kowace an rubuta a gabanta: an biya.

Tara daga ciki suna cikin ledata. Sauran biyar ɗin kuwa ko a mafarki aka tambaye ni zan karanto su, don kullum da safe ina ganinsu in na durƙusa tatsa. Suna nan da ransu a shingenmu, suna jiran in kawo musu abinci.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Malamin ya rage murya.

"Da kin nuna min kafin in shigar, da na ce ki kwashe kayanki ki tafi. Yanzu kwamfuta ta riga ta aika sama."

"Ta aika me?"

"Neman tallafi sau biyu a kan dabba ɗaya. Zamba suke kiransa. Kuma wanda ya sa hannu shi ake kira."

"Ni ke nan."

"Ke ke nan."

"Shanun da suka rage fa?"

"In lambar matacciya ce a kunnensu, a takarda babu su. Kwashe su ake yi a ajiye har a gama bincike."

"Yaushe ake gama binciken?"

Ya waiwaya ya dubi tulin fayil da ke bayansa, wanda ya kusa taɓa fanka.

"Na bara suna can ƙasa," in ji shi. "Ki je gida. Irin wannan Yallaɓai da kansa yake fita, ba ya aike. In bai zo yau ba, gobe."

Ledar ma bai ba ni ba. Ya ce ta zama shaida.

*

Rana ta take tsaka lokacin da na isa gida. Inna tana tsakar gida tana kankare laka daga ƙafar gado, mako uku ke nan tana kankara, lakar ba ta ƙare ba, ita ma ba ta gaji da mita ba. Zanen da ruwa ya bari a bango yana nan daidai ƙirjina.

"Auta, an dace?"

"Ina Baba?"

"Ina zai je? Yana wurin 'ya'yansa."

Haka take kiran shanun in tana jin haushinsa. Na wuce, ta ajiye wuƙar kankara ta biyo ni, don ta ga fuskata.

Na same shi a bakin shinge yana raba ciyawa kashi biyar, yana auna kowane kashi da ido kamar mai rabon gado. Baba mutum ne da ba ya yar da komai. Ƙusa in ta lanƙwashe sai ya miƙe ta, igiya in ta tsinke sai ya ƙulla, takalminsa ɗinkin da ke jiki ya fi fatar yawa. Tun muna yara muke yi masa dariya a kan haka.

"Baba."

"Kin dawo? Sun karɓa?"

"Sun karɓa. Baba, lambobin da ke kunnen shanun nan, a ina ka samo su?"

"Nawa ne mana."

"Na san naka ne. Sababbi ka sayo ko tsofaffi ne?"

Ya ci gaba da raba ciyawarsa.

"Roba tana tsufa ne? Na shanun da fari ya kashe ne. Lafiyarsu ƙalau, ko tsagewa ba su yi ba. Duk maraƙin da aka haifa sai in ɗauko ɗaya in maƙala masa. In je gari in kwana a layi in sayi sabuwa, alhali ga su a gwangwani?"

Na zauna a kan kwamin ruwa.

"Baba, ka san abin da ka yi kuwa? A wurin gwamnati shanunka duk sun mutu tun shekara bakwai. Har waɗannan da ke cin ciyawa a gabanka."

Ya dubi saniyarsa Mai Ƙaho Ɗaya, tana tauna hankalinta kwance.

"To su zo su gaya mata."

"Za su zo. Da mota za su zo, su kwashe su."

Hannunsa ya tsaya.

"A kan me?"

"A kan mun nemi kuɗi sau biyu. Sun ce an biya ka tallafin waɗancan goma sha huɗun. Na ga sunanka, na ga yatsarka."

Ba Baba ne ya fara magana ba, Inna ce, kuma muryarta a sanyaye take, wanda ya fi tsawarta ban tsoro.

"An biya shi?"

"Haka kwamfuta ta nuna."

Ta juya ta fuskance shi.

"Malam, shekarar nan ce fa na sayar da keken ɗinkina. Shekarar da Auta ta yi zango guda a gida saboda babu kuɗin makaranta. Ka dawo daga gari ka ce min ba a samu ba. Ashe an samu?"

"Ke ma kin yarda?"

"Ni ban san abin da zan yarda da shi ba. Yatsarka aka ce an gani. Yatsa tana tafiya ofis ita kaɗai?"

"Baba," na ce, "in ka karɓa ka faɗa min. Ba zan yi fushi ba, na gaji da fushi. Amma ni na sa hannu, ni za a kira. Gara in san a kan me zan tsaya."

Ƙarya na yi, fushi nake kamar in fashe. Na bar aikina a kantin magani na dawo gida don wannan tallafi, na sha rana a layi, na shiga ramin mushe har gwiwa. In ya zamana tsohon nan ya san komai ya bar ni na tona, ban san da wane ido zan ƙara kallonsa ba.

Baba ya ajiye ciyawar. Ya goge hannu a rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

"Waɗancan sun mutu, na gani da idona. Waɗannan ma sun mutu, ke kin gani da naki. Wacce ce ƙarya a ciki?"

"Ba mutuwar ake tambaya ba, Baba. Kuɗin."

"Ko anini ban gani ba."

"To yatsar fa?"

"Na dangwala." Ya zauna a ƙasa, bayansa jikin shinge. "Na yanko lambobin na kai musu, kamar yadda kika kai yau. Wani yaron ofis ne a taga, siriri, ba ya rabo da buga biro a haƙori. Ya karɓa, ya ce in dangwala nan, in dangwala can, in dawo bayan mako biyu. Na koma, ya ce ba su iso ba. Na sake komawa, ya ce in ƙara haƙuri. A zuwa na huɗu ya turo min lambobina ta taga a cikin ambulan, ya ce kuɗi sun ƙare, sunana bai fito ba."

"Shi ke nan ka taho?"

"Me zan yi? In ci shi da kokawa?"

Inna ta yi ƙwafa, amma na ga kafaɗunta sun sauka.

"Sai dai na ce masa ba zan koma gida hannu rabbana ba," Baba ya ci gaba. "Na ce ina da mata a gida, ya rubuta min abin da zan nuna mata, kada ta ce na ci kuɗin a hanya. Ya yi dariya, ya ce tsoho kana da rigima. Ya rubuta a bayan ambulan ɗin, ya buga tambari don in tashi in ba na baya wuri."

"Ni ba ka nuna min komai ba," in ji Inna.

"Da na iso na tarar mai sayen keken yana ɗaure shi a bayan babur. In nuna miki takarda ki yi me da ita? Ke ba karatu ba, ni ba karatu ba. Kunya ce ta hana ni."

Inna ta kawar da kai. Shekara bakwai tana goranta masa keken nan duk lokacin da suka yi cacar baki.

Ni kuwa na miƙe daga kan kwamin.

"Baba, ambulan ɗin. Ka yar da shi?"

Ya dube ni kamar na zage shi.

"In yar? Ambulan mai kyau?"

*

Gwangwanin yana can saman katakon rufi, inda ruwa bai kai ba. Na taka kujera na sauko da shi. Ƙusoshi ne a ciki, da makullan da babu wanda ya san ƙofarsu, da murfin biro, da tsohon gilashin ido mai ƙafa ɗaya. A can ƙasa ga ambulan ruwan ƙasa, an ninke shi huɗu.

Na fito da shi waje na buɗe a rana, su biyun suna tsaye a kaina.

Tawadar ta koɗe amma tana karantuwa. Lambobi goma sha huɗu a jere. A ƙasansu an rubuta: an mayar wa mai su, ba a biya ba. Ga kwanan wata, ga jan tambarin ofis, ga sa hannu mai doguwar jela.

"Me ya ce?" Inna ta tambaya.

"Ya ce Baba bai ci keken ɗinkinki ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta kama bakin zanenta ta share fuska, ta ce laka ce ta shiga mata ido.

Na sake duba kwanan watan. A kwamfutar ofis na ga ranar da aka ce an biya, kwana biyu kafin wannan. Wato ranar da yaron nan ya turo wa Baba lambobinsa yana cewa kuɗi sun ƙare, kuɗin sun riga sun kwana biyu a aljihun wani. Ya rubuta takardar ne don ya tabbata tsohon da ba ya karatu zai ƙunsa goro a ciki ya yar a hanya. Bai san da wa yake yi ba.

"Wannan ita ce za ta wanke ni," na ce. "Gobe da sassafe zan kai ta babban ofis, ba na nan ba."

Baba ya miƙo hannu ya karɓe ambulan ɗin, ya ninke shi yadda yake, ya sa a aljihun gaba.

"Shekara bakwai yana wurina bai ɓata ba. Ya kwana a nan."

Ban kai ga amsawa ba muka ji ƙarar mota. Ba ɗaya ba, biyu. Wata fara a gaba, a bayanta babbar mota mai shingen ƙarfe, irin wadda ake kai dabbobi kasuwa da ita. Suka tsaya a bakin gona, inda lakar ta fara.

Mutum uku suka fito daga babbar, da igiyoyi. Daga farar kuwa mutum ɗaya ya fito, mai jiki, tumbi ya riga shi fitowa. Ya tsaya yana duban takalminsa yana duban lakar, sannan ya tako a hankali da fayil a hammata.

"Sannunku da gida. Ke ce mai sa hannun?"

"Ni ce, Yallaɓai."

"To, aiki ne ya kawo mu, ba faɗa ba. Za mu duba kunnuwan shanun."

Ya tsaya a bakin shinge, ɗaya daga cikin mutanensa yana kama kunne yana karanto lamba, shi yana bin fayil da ido. Yana bi, yana buga biro a haƙori. Ƙas, ƙas, ƙas.

Na ji Baba ya kama hannuna.

"Duk biyar ɗin matattu ne a takarda," in ji Yallaɓai, ya rufe fayil. "Ku loda su."

"Ka yi ƙiba," in ji Baba.

Yallaɓai ya juyo.

"Na'am?"

"Na ce ka yi ƙiba. Da siriri ne kai. Amma biron nan ba ka daina ba."

"Baba, ka san ni ne?"

"Kai ne ka ce ina da rigima."

Na matse hannunsa don ya yi shiru, amma Baba in ya fara, ko saniyarsa ba ta fi shi taurin kai ba. Ya zaro ambulan ɗin ya buɗe, ya ɗaga shi daga nesa, yadda jan tambarin da doguwar jelar suka fito sarai.

Yallaɓai ya duba. Biron ya tsaya a bakinsa. Ya daɗe yana dubawa, har mai riƙe da igiya ya ce, "Yallaɓai, mu fara da wacce?"

"Ku koma mota ku jira ni."

"Ba ka ce..."

"Na ce ku jira ni a mota."

Sai da suka yi nisa ya matso, bai ƙara kula da lakar ba. Muryarsa ta koma ƙasa ƙasa, har da ladabi.

"Baba, mu yi magana irin ta manya. Ka ba ni takardar nan, in juya motar can yadda ta zo. Shanunka su kwana a shingensu. Jibi in aiko a sa musu sababbin lambobi, har da buhunan dusa. Babu mai ƙara taka maka gona."

"Ni fa?" na ce. "Sa hannuna fa?"

Bai ko kalle ni ba.

"Wannan ya riga ya wuce sama, ba ya hannuna. Za a kira ta, ta je ta ba da haƙuri, ta ce rashin sani ne. Yarinya ce, ba za su tsananta ba."

"In suka tsananta fa?" in ji Inna.

"In kuma ka riƙe takardar," Yallaɓai ya ci gaba kamar bai ji ta ba, "shanun za su shiga mota yanzun nan. Kafin a saurare ku a sama watanni sun shuɗe. Kai ka san dabba, ka san abin da zaman wurin ajiya yake yi mata. Ƙila ka samu fatunsu."

Mai Ƙaho Ɗaya ta zuro kai ta saman shinge ta goga hancinta a kafaɗar Baba, kamar yadda take yi kullum in ciyawa ta yi jinkiri. Da hannunsa ya jawo ta daga cikin uwarta. Ranar ambaliya ita ya riƙe wa igiya, ruwa har wuyansa, ya ƙi saki.

"Malam," Inna ta ce, "kar ka sake. 'Yarka ce."

Ban taɓa jin tsoron Baba irin na wannan lokacin ba, ba don zai dake ni ba, sai don ban san amsarsa ba.

Ya dubi shanun ɗaya bayan ɗaya. Ya juyo ya dube ni, idanunsa jajir.

Yallaɓai ya buɗe tafin hannu.

"Auta," in ji Baba, "ki yafe min."

Ya ɗaga hannun da ke riƙe da ambulan.